Ki Bari Su Kai Ƙarshen Maganarsu

Dungas, bayan cirar gyaɗa.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Uwata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da innarki da ƙannenki. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sa kin sauka Yamai ba tare da hanya ta karya ki ba, ya sa gidan kawunki ya zame miki inuwa. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya nisanta ki da mugun baki da mugun ido.

Kin san sunan mahaifiyata aka raɗa miki, shi ya sa bakina bai taɓa iya kama sunanki ba, kuma ga shi alƙalamina ma ya ƙi. To, yau ɗanki ne ya zo da magana, sai ki yi haƙuri da tsawonta. Labarin gida ƙaninki zai rubuto miki. Abin da ya zaunar da ni daban ne.

Ranar da muka raka ki tashar Magarya, ana ɗaure kaya a saman kamiyo, babbar motar nan, kin yi mini wata tambaya. Kin ce aikin da aka kira ki ki yi, bayan ƴan shekarun da kika yi kina koyarwa, bincike ne a kan yadda yaran ƙauye ke kama karatu da abin da ke fitar da su daga lakwal, wato makarantar boko, tun da yanzu an fara gwada koyar da su da harshen gida. Kin ce manyanku ƙidaya suka fi so: nawa suka shiga, nawa suka fita, nawa suka ci jarrabawa. Ke kuwa kina so ki zauna da mutane su ba ki labarin rayuwarsu da bakinsu, har wani babba ya yi miki dariya a taron da kuka yi a Damagaram, ya ce tatsuniya ba bincike ba ce. Kika dube ni kika ce, “Baba, kai me ka gani?” Ni kuwa na ce, “Ki bi abin da manya suka ce.” Aka ce a hau, kika hau.

Amsar nan ta raggo ce, kuma tun ranar take ci mini rai. Amsata ta gaskiya ita ce ki ji labarin. Amma jin labari aiki ne mai wuya, ya fi ƙidaya wuya, kuma mutum yana iya yin ɓarna da shi. Ni ban yi karatu mai zurfi irin naki ba, ban san ƙa'idojin bincike ba. Abin da na tara a shekarun da na yi ina riƙe da alli kurakurai ne. Zan shanya miki su kamar yadda innarki ke shanya gyaɗa a tsakar gida, ki tsince abin da zai amfane ki.

Farkon aikina Dogo-Dogo aka kai ni, kina goye a bayan innarki. Kalas ɗaya ce ta zana, yara a kan tabarmi, ni kuma saurayi mai wandon kaki da ke ganin ya zo da haske, ana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal. A cikin yaran akwai Sani, ɗan wani manomi mai ƴan tumaki da ake kira Malam Jibo. Yaron nan in ka faɗi abu sau ɗaya ya riƙe ke nan. Wata rana na haɗu da uban a kasuwa, na yi ta zuba yabo, na ce ɗansa zai yi nisa, za a kai shi Damagaram, watakila har Yamai. Ya yi godiya ya wuce. Da aka dawo daga bakans, wato dogon hutu, babu Sani.

Na tafi ƙofar gidansu. Ya shimfiɗa mini buzu, ban zauna ba. A tsaye na ce, “Malam Jibo, don me kake ƙin lakwal?”

Ya ce, “Ni? Ban ƙi ba, Mushe. Wa zai ƙi abin hukuma?”

“To don me ka hana yaro zuwa?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri.”

Iyakar abin da na samu ke nan. Na koma na rubuta wa ansifekta, wato babbanmu mai duba makarantu, cewa mutanen garin nan jahilci ya yi musu katutu, ba sa son ƴaƴansu su waye. Har na ji daɗin yadda Faransancin ya fito.

Da damina ta zagayo, ina dawowa daga wani ƙauye a ƙafa, sai ruwa ya tsuge. Na ruga wata bukka a bakin gona, ashe ta Malam Jibo ce. Ya matsa mini, ya miƙo ƙwaryar fura. Ban tambaye shi komai ba, don na riga na fid da rai da Sani. Muna zaune muna kallon ruwa, sai ya fara ba ni labarin wata shekara da fara ta cinye hatsi yana yaro. Daga nan ya koma kan wansa Hamza, wanda in ya yi fito tumaki ke baro kiwo su taho. A raina na ce, mene ne haɗina da fara da tumaki? Da ba don ruwan nan ba da na yi sallama na tafi.

Sai ya ce wata safiya masu jar hula, yaran kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, suka zo. Aka jera samarin gari a ƙarƙashin tsamiyar kasuwa, ana matsa damtsensu, ana buɗe bakinsu ana duba haƙora. Aka ware Hamza da wasu, aka tasa su gaba zuwa aikin dole. Uwarsu ta bi su da gudu har ƙaya ta farfasa mata ƙafa. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyar Hamza ba, ba a ma san inda za a ce kabarinsa yake ba.

Ya yi shiru mai tsawo. Allah ya taimake ni ban yi magana ba. Can ya ce, “Ranar da aka zo ɗibar yaran lakwal, Mushe, a ƙarƙashin tsamiyar nan aka jera su. Mai jar hula ne ya zo. Ya buɗe bakin Sani ya duba haƙoransa, wai yana ƙiyasin shekaru. Na daure na bar shi, tun da lakwal ɗin tana cikin gari, ina ganinsa safe da yamma. Sai ga ka a kasuwa kana cewa za a kai shi Yamai. Kai yabo kake yi. Ni kuwa ranar ko tuwo ban ci ba.”

Uwata, ashe ni na kori yaron nan da bakina. Na yi wa uban alkawari babu inda za a kai Sani sai da yardarsa, kuma bayan girbi ya kawo shi da hannunsa. Amma takardar da na aika wa ansifekta ta riga ta tafi, kuma ina jin har yau akwai masu faɗar abin da na rubuta a cikinta.

Don haka in kin isa gidan mutum, ki zauna a inda ya nuna miki, ki sha abin da ya ba ki. Kada ki buɗe baki da “don me”. Tambayar alƙali ce, duk wanda aka yi wa ita kare kansa zai shiga yi. Ki ce, “Yaya aka yi?” In ya fara daga fara da tumaki, ki bi shi, ya fi ki sanin hanyar da ke zuwa inda ciwon yake. In ya yi shiru kada ki yi gaggawar cike shirun. Sau da yawa maganar da kika zo nema tana bayan shirun nan, tana neman ƙarfin fitowa.

Kuskure na biyu ɗan na farko ne. Labarin Malam Jibo ya shige ni har na ɗauka na gane mutanen ƙasar nan kaf. Da aka mai da ni Kwaya, kina ƴar shekara shida ko bakwai, ban tsaya jin komai ba na roƙi maigari ya tara mini iyaye. Na miƙe na yi musu jawabi mai taushi, na ce su kwantar da hankalinsu, lakwal ba aikin dole ba ce, ba wanda zai kwashe musu ƴaƴa, na san tsoron da ke zukatansu.

Da na gama, wani tsoho ya gyara zaman hularsa ya ce, “Mushe, wa ya ce maka tsoro muke ji? Mu fa muka yi ta zarya Magarya muna roƙon a kawo mana lakwal. Gyaɗarmu ake aunawa ba mu da mai karanta abin da aka rubuta. Damuwarmu ɗaya ce: kuna buɗe lakwal daidai lokacin cirar gyaɗa. In yaro ya zauna gabanka, wa zai tsinka?”

Wuri ya kaure da dariya, ni ma na yi, amma kunnuwana sun yi zafi. Na ɗauko labarin Dogo-Dogo na yafa wa Kwaya kamar rigar aro.

A nan nake so ki saurare ni da kyau, don a nan manyanki suke da tasu gaskiyar. Labari ɗaya ba gari ba ne, ko da ya sa ki kuka. Mai daɗin baki ba shi ne wakilin marasa baki ba. Ki ji na uba, ki ji na uwa, ki ji na wanda ya zauna a lakwal da na wanda ya gudu, ki ji na mushen da kowa ke zagi. In labaran suka saɓa kada ki yanke wanda ya ƙi shiga sahu, ki rubuta cewa sun saɓa. Na san ranki yana son koyar da yara da Hausa, nawa ma haka. To, za ki haɗu da uban da zai ce miki shi Faransanci yake so a koya wa ɗansa, don Hausa ya riga ya koya masa a gida kyauta. Ki rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, kada ki rage mata gishiri don ta dace da abin da kike so. Ranar da kika fara gyara wa mutane labarinsu, ranar ce mai yi miki dariya zai zama mai gaskiya.

Kuma kada ki raina ƙidaya. Ƙidaya ce ke nuna miki ƙofar da za ki yi sallama a kanta, labari kuma shi ke faɗa miki abin da ke cikin gidan. Ki kai wa manyanki duka biyun, cikin ladabi. Babu amfanin ki ci gardama ki rasa wanda zai karanta aikinki.

Ƙidayar ce ma ta kai ni ga abu na uku, wanda ya fi sauran nauyi a raina. Da rani ya yi, aikin gona ya ƙare, yaran Kwaya suka cika kalas. Sai na lura da wata yarinya mai suna Indo: kullum tana nan, tsaf da ita, amma duk ranar kasuwa wurin zamanta wayam. Uwarta, Ladi, mijinta ya rasu, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take riƙe da kansu. Wannan karon na yi abin da ya dace. Na riƙa biyawa da yamma in tsaya bakin zana in gaishe ta, ita kuma ta amsa daga ciki. Ban tambaye ta komai ba sai lafiya da kasuwa. Haka muka yi ta yi har muryarta ta saba da tawa.

Wata yamma Indo ta tafi rijiya, sai Ladi ta ce daga bayan zanar, “Mushe, ka lura ban taɓa fitowa na gaishe ka ba? Ba raini ba ne. Zane ɗaya ne gare mu, ni da ita. Sauran kwanaki ita ke ɗaurawa ta je lakwal, ni in zauna ciki da tsumma in yi suyata. Ranar kasuwa ni ke ɗaurawa in fita talla, ita ta zauna. Yanzu haka yana jikinta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko dangin babanta. Kai ma don na ga kana son yarinyar ne, kada ka ɗauka wasa take yi da karatu.”

Na dawo gida zuciyata cike. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in faɗa wa innarki a asirce, ta san yadda mata ke kai wa juna zane ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ban yi ba, na tsaya tunanin yadda zan ɓullo wa abin.

Ana haka aka kira mu taron malamai a Magarya. Wani abokin aikina ya miƙe ya ce matan ƙauye ba su damu da karatun ƴaƴansu mata ba, talla kawai suka sani. Raina ya ɓaci. Na tashi na ba da labarin Ladi. Ban faɗi sunanta ba, amma na ce a Kwaya take, na ce mijinta ya rasu, na ce ƙuli-ƙuli take yi. Na tsara maganar da kyau, na san inda zan sassauta murya. Ɗaki ya yi tsit, na ga manyan mutane na share ido. Mai maganar ya koma ya zauna. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi ƙwarai.

Labarin ya fita daga ɗakin ya shiga gari. Wani attajiri mai tausayi ya ji, ya sayi turmin atamfa ya ba mai kamiyon da ke zuwa ɗaukar gyaɗa. Mutumin nan ya tsaya tsakiyar kasuwar Kwaya, ranar kasuwa, ya ɗaga atamfar sama yana cewa da ƙarfi, “Ina matar nan mai zane ɗaya ita da ɗiyarta? An aiko mata da saƙo daga Magarya!” Ladi tana zaune gaban farantinta, mutane suna waiwayowa.

Washegari da safe ta yi sallama a ƙofarmu. Ranar ce kaɗai na ga fuskarta kusa da kusa. Ta ajiye atamfar a ƙasa, ko warwarewa ba a yi ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Mushe, kai na faɗa wa. Ban faɗa wa Magarya ba.”

Na ce, “Wallahi don in kare ku na yi.”

Ta ce, “Na sani. Amma da talaucinmu a rufe yake, muna tafiya da kanmu a sama. Yanzu yara na yi wa Indo waƙa a bakin rijiya.”

Kafin damina suka tattara suka koma wajen danginta a ƙetaren iyaka. Ban sake ganin Indo ba. Yarinyar da uwarta ke zaman ɗaki da tsumma don ta yi karatu, ni na raba ta da karatun, kuma da kyakkyawar niyya.

Uwata, labarin mutum amana ne, ba ya zama naki don kin ji shi da kunnenki. Cire suna kaɗai ba ya ɓoye kowa a ƙauye, inda ake gane mutum da tarinsa. Kafin ki kunna akwatin ɗaukar maganar da suka ba ki, ki nuna shi, ki faɗi wa zai saurara da inda maganar za ta je. In aka ce ki kashe, ki kashe. In kin rubuta, ki koma ki karanta wa mai labarin, ki ce, “Haka ne? Kin yarda a ji?” In ta ce a'a, ki bar shi, ko da shi ne mafi kyawun abin da kika samo. Kuma ki kula da daɗin nan da na ji a Magarya. In kika ji labarin wani yana sa ana kallonki da sha'awa, ki tsaya ki tambayi kanki wa zai kwana da nauyinsa.

Na ƙarshe ban san kuskure ba ne sai makon nan. Naki ne.

Kin tuna sambol, guntun icen nan mai igiya da muke rataya wa duk yaron da ya yi Hausa a cikin kalas? Shekararki ta farko a lakwal, a Kwaya, a kalas ɗina kike. Na yi miki gargaɗi tun a gida cewa in mun shiga can ni Mushe ne, ba Baba ba. Wata safiya ina rubutu a tabulo, wato allo, na ba ku baya, sai na ji muryarki ta tsaga ɗaki: “Baba!” Na juyo, kin miƙe tsaye, hannunki a sama, bakinki a buɗe za ki ƙara magana. Yara duk sun zuba mini ido su ga abin da zan yi da ƴata. Na daka miki tsawa na ce ki yi shiru, na ɗauko sambol na rataya miki da hannuna. Ba ki yi kuka ba. Kin zauna, kin wuni da shi a wuya.

Shekara da shekaru ina ba da labarin nan. Duk sabon mushen da aka turo, sai na zaunar da shi na faɗa masa, don ya ga cewa malami ba ya fifita ɗansa. Ina alfahari da shi. Shekaranjiya ma wani saurayi da aka kawo lakwal ɗin nan ya zo gaishe ni, na ba shi labarin a zaure. Da ya tafi na shiga ciki, innarki tana tankaɗe. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Malam, labarin nan fa rabinsa kake bayarwa.”

Na ce, “Rabi kamar yaya? Ina wurin fa.”

Ta ce, “Kana wurin, amma bayanka ka ba ta. Me kake rubutawa a allon ranar?”

Na ce gaɓoɓi ne, irin waɗanda yara ke rerawa, ba, be, bi, bo, bu. Nakan cika layi guda da gaɓa ɗaya don su kwafa.

Ta ajiye rariya ta ce, “To, ba kiranka ta yi ba. Karatu ta yi. Da ta dawo ta tsuguna nan bakin murhu, icen nan na reto a wuyanta, ta zana abu a ƙasa da yatsa, ta sake zana irinsa kusa da shi. Ta ce, ‘Inna, duba. Wannan ba ne, wannan ma ba ne. In kin haɗa su sai su ce Baba. Inna, allon yana jin Hausa!’ Tana faɗa tana dariya, hawaye na zuba. Ta ce wata da watanni suna rera abin ba ta san magana ce ba, sai yau. Ta tashi ne ta nuna maka.”

Na zauna a kan turmi. Na ce, “Duk shekarun nan me ya hana ki faɗa mini?”

Ta ce, “Ita ta ce kada in faɗa, wai za ka ji kunya. Daga baya kuma na ga kana jin daɗin labarinka. Ba ka kuma taɓa tambayata ba.”

Uwata, abin da kowane malami ke fatan gani da idonsa ke nan, lokacin da baƙaƙe ke buɗe baki su yi wa yaro magana. Wasu sukan gama aiki ba su taɓa kama lokacin ba. Ni ya faru a kalas ɗina, a kan ƴata, da sunan da take kirana, na kuwa rataya masa ice. Da ansifekta ya shigo ranar, abin da zai gani ya rubuta shi ne yarinya ɗaya ta yi Hausa an hore ta. Ba zai yi ƙarya ba. Ni ma da nake ba da labarin ban yi ƙarya ba. Amma abin da ya faru na gaskiya yana wurin yarinya ƴar shekara bakwai da matar da ke bakin murhu, kuma babu wanda ya je ya tambaye su.

Don haka kada ki tsaya a zaure. Mu maza masu zaure mun iya tsara labari, kuma yawanci mu ne jarumansa. Ke mace ce, za ki shiga inda ban taɓa iya shiga ba. Ki wuce ciki, ki zauna kusa da mai tankaɗe. Ki tsuguna daidai tsayin yara ki tambaye su ranar da suka fara ganewa, da ranar da suka daina son zuwa. Suna da abin faɗa, ba a dai saba barinsu su kai ƙarshe ba.

Ban san ko kina tuna ranar nan ba. Ina jin kina tunawa, don irin wannan ba ya goguwa. Ba ki taɓa nuna mini ba, kin ci gaba da kawo mini ruwan alwala da fara'arki. Ina roƙonki gafara. Kuma akwai abin da ya kamata in faɗa miki a safiyar nan gaban yara duka, ga shi yanzu, ko da ya makara: madalla, Uwata. Kin karanta daidai.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci ko aiki ya yi yawa, na san halinki. In an tura ki ƙauye ki fara gaida tsofaffi kafin ki fito da takarda, kada kuma ki yi tafiyar rana tsaka ba ruwa a hannu. Ki gaishe da kawunki da iyalinsa.

Allah ya kai ki duk inda za ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Ya buɗe miki zukatan mutane, ya ba ki ikon riƙe abin da suka damƙa miki. Ya tsare ki a hanya da masauki, a cikin jama'a da inda ba kowa sai Shi. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da duniya lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Baba